Aikin Gidan da Aka Ba Zinatu

Parakou, 8 ga Maris 1979

Zuwa ga Yaya Kadidjatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jaririya da sauran yara. Yaya ƙafar maigida Massaoudou, kurkunun ya fito ko yana nan yana ja masa rai? Mu nan lafiya, sai zafi. Inna, wato Goggonki, gwiwar nan tata ta sake tashi, a zaune take salla, amma bakinta lafiya lau, ni ne shaida. 'Yarki Zinatu ta ƙara tsawo, kakin lakwal, wato na makarantar boko, har ya soma ɗage mata.

To ga abin da ya sa na ajiye facin taya na ɗauki biro. Mushen, wato malamin da ke koya wa su Zinatu faransanci, ya ba su aikin gida. An kawo wata silima daga Cotonou, ana nuna ta kwana uku a babban sito na Gar, tashar jirgin ƙasa, an toshe tagogi da tamfol don a samu duhu da rana tsaka. Ya ce kowane ɗan aji ya je ya kalla, ya rubuto shafi biyu a kan abin da ta koya masa game da ƙarshen ƙasashen 'yan jari-hujja. Wanda bai kawo ba, sifili.

Inna ta ce ba inda yarinyar za ta, wai silima wurin 'yan iska ne, kuma amana aka ba ta. Muka yi ta yi. Na ce Inna, yarinyar da ake kora gonar lakwal ta yi noma cikin wannan rana, ita ce hoto zai fi ƙarfinta? Shekara goma sha uku fa! Ni ina goma sha uku ina kwance ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, baƙin mai na ɗiga min a ido. An cire ni daga lakwal ina aji biyu, sauran karatun a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗe gyaɗa na tsince shi, ba wanda ya taɓa ce min wannan shafin ya yi maka nauyi. Na gaji da mutanen da ke rufe wa yaro ido sannan su ce ba ya gani.

Jiya Laraba na kai ta da kaina. A bakin ƙofa an manna takarda, an rubuta ba a yarda ɗan ƙasa da goma sha takwas ya shiga ba. Mai tsaron ƙofar da ya ga yara sittin cikin kaki sai ya jingina bayansa da takardar, ya ce ku wuce, kamarad. Na yi dariya har na ƙware. Ƙasar nan kenan.

Ni dai ra'ayina yara su gani. Ya fi musu waƙoƙin da ake sa su rerawa kowace safiya a gindin tuta, waɗanda ko mai koya musu bai yarda da su ba.

Takarda ta ƙare. Labarin silimar kanta yana tafe a wata wasiƙar, don ku ma mutanen Djougou ku san akwai abin kallo a duniya bayan doya. Wannan na ba Ɗanbala direba, ya ce gobe yana hanyarku.

Taubashinki da ya fi ki hankali,
Illiyasu


Parakou, 10 ga Maris

Yaya Kadi,

Gaisuwa kamar ta shekaranjiya. Inna da sauƙi. Na samo takarda, to saurara. Ga abin da muka gani da idonmu ranar Laraba a sito na Gar, ni da Zinatu da duk 'yan ajinsu.

Ruwa ya ƙare a gari, hukuma kaɗai ke da rijiya. Duk yaron da ya cika goma sha uku, ana zuwa har gida da takarda a tafi da shi. A jera su a bakin jirgi, a aske musu kai, mace da namiji, a ɗinka wa kowa lamba a hannun riga. Daga ranar ba shi da suna. Wanda aka ji ya kira ɗan'uwansa da suna, a hana shi ruwa kwana biyu, wanda ya kai ƙararsa kuma a ba shi kofi guda. Daga nan sai a cusa su a taragon kaya, irin wanda ake loda wa auduga, a ja ƙofa a sa kwaɗo. Inda ake kai su, injin famfo za su yi ta juyawa, kuma ba wanda ke dawowa.

Iyaye suna tsaye bayan waya. An ce su yi tafi. Kuma suna yi, Yaya! Wannan ne ya fi ƙona min rai. Wani dattijo, tsaran Kawu babanki, yana tafi hawaye na bin gemunsa, don kada na kusa da shi ya ga bai yi ba.

Akwai wata yarinya, ba ta wuce Zinatu ba, ta samu ƙusa tana kankara sunanta a jikin katakon taragon don kada ta manta. Ƙawarta da suke kwana wuri ɗaya ta ɗaga hannu ta nuna ta. Saboda kofin ruwa. Abin da aka yi mata ba zan rubuta ba, hannuna ba zai iya ba.

Wani ɗan dako kusa da ni ya ce a hankali, "Kai, waɗannan ai mun san su." Na ce rufe bakinka, malam, kana son kofi ya samu mai sha?

Zinatu ta riƙe min hannu har farcenta ya shiga fata. Mushensu ya ba su zuwa Litinin ta sama, ya ce ba wanda za a ɗaga wa ƙafa.

Ban ga Ɗanbala ba, wannan na ba wani mai zuwa Natitingou, zai ajiye muku a tasha.

Illiyasu


Djougou, 12 ga Maris

Illiyasu,

Gaisuwa. Ka gaida Goggo. Malam Usuman mai shago ne ke rubutawa, ni ina faɗa, in ka ga magana ta karkace daga bakina ne.

Takardarka ta iso jiya da azahar. Ka san daga ni har maigidan ba mai karanta boko, aka kira Malam Usuman ya karanta a zaure kamar kullum. Da yake ta Parakou ce, maƙwabta suka taru su ji gaisuwa. Bai kai rabi ba mutane suka fara salati. Da ya zo wurin taragon, ban san lokacin da na faɗo zauren ba, jaririya a hannu, ba mayafi, ina ƙwala kiran sunan yarinyar nan. Ni da ban taɓa kiran sunan 'yar farina a gaban mutane ba tun ran da na haife ta.

Illiyasu, wane irin mutum ne kai? Kana tsaye ana loda 'ya'yan mutane kamar buhu, ka koma ka nemi takarda ka zauna kana tsara mana labari? Ka ce an ba su zuwa Litinin ta sama. To kafin nan ka fito min da ita. Kada ta sake sa kakin nan. A ɗaura mata zanen Goggo, a sa ta a kamiyo, in an tambaya a shinge a ce biki za ta.

Da ba jego nake ba, da ni za ka gani ba takarda ba. Maigidan kuma kurkunun ya hana shi taka ƙasa. Ya sa aka miƙo masa Alƙur'ani, ya dafa a gaban kowa, ya ce in Allah ya fito masa da 'yarsa lafiya, ita da lakwal har abada. Gida biyu a unguwarmu sun riga sun aika a ɗauko nasu.

Ban ci komai ba tun jiya.

Kadidjatou

Ni Usuman ina ƙarawa: a Parakou kaɗai aka fara, ko zai iso nan? Ina da biyu a lakwal. Ka amsa a kaikaice, zan gane.


Parakou, 14 ga Maris

Yaya Kadi,

Gaisuwa, tunda dole ce. Inna lafiya. Zinatu lafiya, gashinta na kanta, sunanta na nan inda kika bar shi, yanzu haka tana tsakar gida tana wanke-wanke.

Silima ce, Yaya. Silima! Hoto a jikin farin ƙyalle. Turawa ne a ciki masu dogon hanci, an ɗauke su aiki su yi kuka. Malam Usuman, don girman Allah ka karanta wannan layin sau uku, da ƙarfi, a zauren nan dai, kuma a kira duk wanda ya yi salati ya zo ya ji. Wannan ce amsarka, ba kaikaice.

Wasiƙa biyu na rubuta. Ta farko ita ce ta yi bayanin komai. Yau na iske Ɗanbala a Gar, ya miƙe ƙafa yana shan shayi, wasiƙata na cikin hularsa ta sha zufa. An ba shi lodin Malanville ya juya arewa da ita, ko a jikinsa. Abin da na faɗa masa ba na zaure ba ne. Ga ta nan, na ɗinke ta da wannan da zare, sai dai su ɓata tare.

Amma ku ma! Gari guda, da liman da masu gemu da masu rediyo, ba wanda ya ce tsaya tukuna? Tasha na nan kusa da ku, kamiyon Parakou na shigowa kullum, ba wanda ya taka ya tambayi direba ɗaya? Ni da nake faci a bakin jirgin nan daga safe zuwa yamma, za a loda 'yar'uwata a tarago in tsaya neman biro? Haka kika ɗauke ni?

Batun rantsuwa kuwa, na tambaya, na kuma karanta da kaina. Irin wannan a ciyar da miskinai goma ta warware. Shinkafar a wuyana, har da miya. Ki faɗa wa maigida, da ladabi, don ni in na faɗa ba zai fito da ladabi ba. Yarinyar nan ita ce ta uku a cikin sittin. Ni na san yadda ake ji in an wuce da kai ta ƙofar lakwal kana ɗauke da bokitin wani. Kada a yi mata abin da aka yi min saboda hular Ɗanbala.

Ki ci abinci.

Illiyasu


Djougou, 19 ga Maris

Illiyasu,

Muna lafiya. Jaririya ta yi ɗan zazzaɓi, ya sauka. Ka gaida Goggo, ka ce na gode da riƙo.

Takardunka biyu sun iso a ɗinke. An karanta a zaure kamar yadda ka ce. An yi dariya, har da masu faɗuwa. Yanzu daga nan har kasuwar Partago sunan maigidan Mai Tarago. Ka ji daɗi.

Ka ce ba wanda ya tambaya a tasha. An tambaya. Malam Usuman ya je da kansa ranar, ya samu direban da ya fito daga wurinku. Ka san me ya ce? Ya ce, "Ban ji ba, amma ba mamaki." Bara an kwashe yaran nan an kai su gonar auduga ba a tambayi uwar kowa ba. Bana an ce malami ba malami ba ne, kamarad ne. Tarago ne kawai ba mu gani ba tukuna. Malam Usuman ya so ya tsallake wannan, na ce ya rubuta.

Ka ce yara su gani. To ni shekarata talatin da uku. Da kunne kawai na ji, da rana, a zauren gidana, daga bakin Malam Usuman da ke tsayawa yana gyara tabarau, amma nono ya ɗauke min kwana biyu. Ita kuwa da idonta ta gani, a cikin duhu, a sito, da taragon gaske a bayan bango. Kai kanka ka ce hannunka ba zai iya rubuta abin da aka yi wa yarinyar ba. Hannunka ba zai iya ba, idonta zai iya?

Wasiƙa uku ka aiko. Na ji ra'ayinka, na ji na Goggo, na ji na ɗan dako. Ban ji abin da 'yata ta ce ba. Ka tambaye ta kuwa?

Liman ya ce gaskiyarka, kaffara ta halatta. Maigidan ya ce shi yanzu ba rantsuwar ce ta riƙe shi ba, wasiƙarka ta farko ce. Ya sa an maimaita masa wurin takardar bakin ƙofa sau biyu. Ya ce malamin da ya tura yara inda aka rubuta kada yara su shiga, da kawun da ya iya karatu ya karanta ya yi dariya ya shiga da ita, ba zai bar 'yarsa tsakaninsu ba. Na yi magana har na gaji. Ƙarshen wata Ɗanbala ya zo da ita.

Kadidjatou


Parakou, 25 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya ƙara wa jaririya lafiya. Inna na nan, yau ko faɗa ba ta yi min ba, abin har ya dame ni.

Na tambaye ta. Ta ce, "Ba komai, Kawu." Sau uku, amsa ɗaya. Sai Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo min kakin lakwal, ta ce juya wuyan. A ciki an ɗinka da baƙin zare, ƙanana-ƙanana: Zinatu, 'yar Kadidjatou, Djougou. Riga biyu take da su, duka biyun.

Tun ranar Larabar nan ba ta bi ta Gar ba. Zagaye take yi ta bayan kasuwa, ta isa lakwal a makare, a sa ta shara. Abincin rana da take kawo min wurin faci ta daina kawowa, Inna ce ke ba ƙaramar 'yar maƙwabta. Kwana goma sha takwas ina karɓar kwano daga hannun wata yarinya, ni a zatona karatu ne ya yi mata yawa. Ni mai ido. Ni mai cewa kada a rufe wa yaro ido.

Aikin kuwa ba ta yi ba. Na duba littafin, kan magana kawai ta rubuta ta ja layi. An ba ta sifili, na farko a rayuwarta.

Na je lakwal da zagi cike da bakina. Yaya, mushen yaro ne. Bai kai ni ba. Irin waɗanda ake turowa su koyar shekara guda da zarar sun gama nasu karatun, wuyansa kamar na zakara, alli har a gira. Na ce kai ka kalli silimar nan? Ya ce, "Ban samu zuwa ba, kamarad, ina gonar lakwal da 'yan wani aji. Takarda ce ta zo daga sama a kai ɗalibai, na karanta bayanin da ke jiki." Na ce daga wa? Ya nuna sama da yatsa. Na duba, kwanon rufi ne kawai, yana yoyon rana. Na tsaya da zagina a baki na rasa wanda zan ba, na dawo da shi gida.

Har yanzu ban ce silimar banza ce ba. Ni ta yi min daidai, na ma so in sake gani. Amma da shekaruna ashirin da huɗu na auna ta, na ce ta yi wa kowa. Kuma har yanzu ina cewa cire yarinyar kuskure ne, a karanta wa maigida wannan ma sau biyu in yana so. Sai dai ba ni da bakin faɗa. Silimar ta tsorata ta, amma biron da ya fitar da ita daga lakwal nawa ne.

Mushen ya ce in ta kawo aikin, ko da daga baya, zai goge sifilin, kuma zai bar sunanta a rajista har Oktoba. Iyakar abin da na samo kenan.

Ranar Asabar za ta taso. Na ce wa Ɗanbala a gaba za ta zauna, kusa da taga, kada ya kuskura ya sa ta a baya ƙarƙashin tamfol. Littattafanta na cikin kwali, na ƙara da nawa guda huɗu. Na karanta su duka tukuna, wannan karon da idon mai shekarunta.

Na gaji, Yaya.

Illiyasu


Djougou, 3 ga Afrilu

Illiyasu,

Muna lafiya. Kurkunun ya fito, maigidan ya fara takawa da sanda. Ka gaida Goggo, ka ce yarinyar ta iso lafiya, da ƙullin daddawar.

Ka ga rubutun ya canza. Malam Usuman ya huta, yanzu muna da mai rubutu a cikin gida. Maƙwabta ma sun fara kawo mata takardunsu. Jiya ta karanta wa babanta takardar maganin ƙafarsa, ashe sau biyu ake sha a rana, shi yana sha sau huɗu. Ya daɗe yana kallonta. Na ambaci Oktoba, ya ce Oktoba da nisa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kada ka rubuto masa komai a kan wannan, don Allah. Ka bar min shi.

Ka ci abinci kai ma.

Kadidjatou

Kawu, ni ce yanzu, Iya ta shiga madafa. Na yi aikin, yana cikin wannan ambulan, shafi ɗaya da rabi. Bai cika biyu ba domin babu ƙarshen. Tun daga wurin da ƙawarta ta ɗaga hannu na rufe idona, ban buɗe ba sai da aka yaye tamfol. Ka tambayi mushe ko zai karɓa haka. In ya ce sai da ƙarshen, ka rubuto min abin da aka yi wa yarinyar, a taƙaice. Ni zan karanta da kaina, ba a zaure ba. Amma ka rubuta a sama cewa silima ce, kuma ka ba direba ɗaya.

Zinatu